Sabulun da Gwaggo Ta Dafa Mini a Jego

Ina yi muku sallama, 'yan uwana mata, musamman masu ciki da waɗanda ke cikin ruwan zafi yanzu. Abin da ya same ni a jegon fari nake so ku ji, don kada wata ta zauna a yi mata irinsa tana kallo.

Sunana Habsu. 'Yar Damagaram ce ni, aure ya kawo ni Arlit. Maigidana a da lebura ne wajen wani ɗan kwangila a ma'adinai, da aikin ya tsaya sai ya bi abokansa Cibarakaten wurin haƙar zinariya. Yakan daɗe bai leƙo gida ba. Da cikina ya tsufa, gida ya kamata in tafi in haihu, amma duk wanda ya san hanyar Arlit zuwa Agadas ya san ba hanyar mai ciki ba ce. Mahaifiyata kuma ta rasu tun ina ƙarama. Sai ƙanwar babana, Gwaggo Tsahara, ta ɗauro kayanta ta zo yi mini wankan jego. Ita ta raine ni. Ku riƙe wannan tun yanzu, don abin da zan faɗa a kanta ba zagi ba ne.

Cikin nan ya ɓata mini fata. Baƙi ya fito mini a kumatu kamar an goga mini bayan tukunya, wuyana ya yi duhu, duhun ya gangara har ƙirji, fatar ta yi kaushi. A wurin awo ungozoma ta ce ba ciwo ba ne, yana bin wasu masu ciki, zai dushe da kansa bayan haihuwa, in dai rage shiga rana. Na ji, amma hankalina bai kwanta ba, don ni mai saka abu a rai ce. Ranar suna mata sun cika gida, sai na ji wata tana ce wa wata, "Wai ita ce mai jegon? Wallahi na ɗauka yayarta ce." Suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Maigidan bai ce komai a kan fuskata ba. Bayan suna ya koma daji, ya ce sai arba'in. Shirun nasa ma sai na mai da shi magana, ina ta juya ta.

Ashe Gwaggo ma ta ji dariyar nan.

"Ni Tsahara in yi wa 'ya jego ta fito haka?" in ji ta. "A ce me a Damagaram? Kwantar da hankalinki. Kafin arba'in sai kin koma kamar ɓararren ƙwai."

A gida an san Gwaggo da sabulu. Takan ƙona karan gero, ta tace tokar, ta dafa ruwan da man gyaɗa, ya fito baƙi mai laushi, sannan ta haɗa shi da lalle da kurkum da zuma. Amare da masu jego shi suke nema. Ni ma da shi na girma, bai taɓa yi mini komai ba. To amma Arlit ba ta da kara. Ba gona, ba gero, itacen girki ma daga nesa ake kawo shi. Ruwan wankana da gawayin ƙasa muke dafa shi, irin na wajen Cirozerin, mai kama da dutse, mai daɗewa yana ci. Gwaggo ta zaga kasuwa neman kara ta rasa. Ta dawo ta tsaya a kan murhu tana kallon tulin tokar gawayin, can ta ce, "Toka ai toka ce."

Ta tace, ta dafa, sabulu ya ƙi kamawa. Mai a sama, ruwa a ƙasa. Ta sake, haka. Ranta ya ɓaci, don ba ta saba abu ya gagare ta ba. Ta koma kasuwa, wani mai tireda ya ba ta soda a leda, fari kamar gishiri, irin wanda masu sabulun wanki ke amfani da shi. Ta tambaye shi yawan da ake sawa, ya ce shi sayarwa kawai ya sani. "Hajiya, ki dinga zubawa har ya kama." Haka ta yi. Ya kama kuwa, ya yi kyau a ido, ga ƙanshin zuma. Ta murza shi a tafin hannunta ta ce lafiya lau. Hannun da ya shekara da shekaru yana daka da noma, wanda take ɗaukar garwashi da shi ta sa a kasko. Daga baya na ji cewa sabulun soda da awo ake yinsa, kuma ajiye shi ake yi ya daɗe ya huce kafin ya taɓa jikin mutum. Mu washegari muka fara, don arba'in tana matsowa.

Wadda ta yi jego ta san wankan: safe da yamma, tafasasshen ruwa da ganyen dogon yaro, ana fyaɗa miki kina cije leɓe. Kafin a fara, Gwaggo takan shafe mini fuska da wuya da ƙirji da sabulun, ta ce a bar shi ya shiga jiki yayin da take juye ruwa. Ruwan kuma na saye ne a bido, wato jarka, don pampon unguwarmu ya fi yin shiru a kan zuwa, saboda haka ɗaurayar ba ta da yawa.

"Gwaggo, yana cizo," na ce mata ranar farko.

"Aikinsa yake. Maganin da ba ya cizo ai ruwa ne."

"Ba irin zafin ruwan ba ne."

"Ke kin san irin zafin ruwa? Jegonki nawa? Uwarki, Allah ya jiƙanta, da na yi mata wankan haihuwarki ko uffan ba ta ce ba."

Sai na daure. A nan matsalar take, 'yan uwa. Wankan jego dama da zafi aka san shi, mai jego kuma da dauriya. In kin ce wayyo, ba mai tambayar ki wane zafi ne.

Makon farko fatar ta ɗame tana sheƙi, sannan ta fara saɓulewa. Baƙin ya dinga fita kamar ɓawon albasa, ƙarƙashinsa ja. Gwaggo ta kawo madubi tana murna. "Kin gani? Ga ainihin Habsu nan tana fitowa." Ni kaina na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, ko da yake ko iska ta taɓa ni sai na runtse ido.

A mako na biyu jan ya tsage. Wuyana ya fara tsattsafo da ruwa, zane yana manne mini a ƙirji, in zan cire sai da jini. Kan nonona duka biyu ya dare. Jaririyar, wadda muke kira Ummi don sunan mahaifiyata ta ci, leɓenta ya yi ja, ƙananan ƙuraje suka fito mata a baki. Da ta kama nono sai ta saki ta callara kuka, ni ma hawaye na zuba. Nonon hagu ya kumbura ya yi tauri kamar dutse. Zazzaɓi ya rufe ni, ina rawar sanyi cikin zafin Arlit da rana tsaka.

Gwaggo ta daina shafa sabulun, amma ba ta yarda shi ne ba. Ta ce nonon ne ya ɓaci. Ta tatsa kaɗan a ƙoƙo, ta kamo tururuwa ta jefa a ciki. Tururuwar ta yi ta mutsu-mutsu har ta daina motsi.

"Kin gani da idonki. In kika ƙara ba ta, kashe ta za ki yi."

Daga nan shawara ta fara zuwa ta ko'ina. Surukata ta aiko saƙon murya daga Tawa, ta ce kambun baka ne na ranar suna, a yi mini hayaƙi. Yayar maigidan ta ce a shafa man shanu a ciwon. Wata ta ce garin lalle. Duk mun yi. Ummi kuma aka mai da ita kan bibiro, kwalbar shayar da jarirai. Mun sayi madarar jarirai gwangwani ɗaya a farmasi, tsadarta ta sa Gwaggo ta yi salati a gaban mai sayarwa. Da ta ƙare sai muka koma madarar shayi ta awo, ana dama ta da ruwan bido, ana tsinka ta don ta kai.

Mako na uku zawo ya kama yarinyar. Tun ina ƙirga zanen da nake canja mata har na daina. Maɗigarta ta faɗa, idanunta suka zurma, in ta buɗe baki za ta yi kuka muryar ba ta fita sosai, sai wani ɗan sauti kamar na 'yar kyanwa. 'Yar fari ce, kun san kunya, ko ɗaukarta a gaban mutane ba na yi. Na ce wa Gwaggo mu je likita, ta ce mai jego ba ta fita kafin arba'in, iska za ta shige ni, bari ta jiƙa wa yarinyar saiwa.

Maƙwabciyarmu ce ta cece mu. Sunanta Gaishita, Buzuwa ce, katanga ɗaya ta raba mu, tana goyon ɗanta Agali wanda ya girmi Ummi da 'yan watanni. Gaisuwa kawai ke haɗa mu a da. Da hantsi ta shigo ba sallama, ta ce ta lura kukan jaririyar ya canja. Ta ɗaga zanen da aka rufe ta da shi, ta taɓa kanta. Hausarta irin ta mutanen nan ce, ba ta raba mace da namiji.

"Wannan yarinya ya bushe. Kai, Habsu, tashi mu je likita."

Gwaggo ta fara maganar arba'in. Gaishita ta juya ta dube ta.

"Tsohuwa, arba'in na jego kake so, ko arba'in na mutuwa?"

Gwaggo ta ɗauko mayafinta.

A likita mun tarar da layi har bakin ƙofa. Mata daga ƙauyuka da rugage, wasu tun asuba, kowa da yaro a cinya, rumfar ba ta isa rabinmu ba. Mai ba da tikiti ko ɗaga kai ba ya yi. Na ce masa yarinyata ba ta motsi, ya ce duk waɗanda ke nan ba rawa suka zo yi ba. Wannan maganar har yau tana ci mini rai. Muna nan har rana ta take, sai wata ma'aikaciya da ke wucewa da tire a hannu ta hango kan Ummi, ta tsaya cak, ta fizge ta daga hannun Gaishita ta yi ciki da gudu. Ban san sunanta ba, amma kullum tana cikin addu'ata. Sun nemi jijiya a hannu da ƙafa sun rasa, a kai suka sa mata ƙarin ruwa. Magungunan da aka rubuta babu rabinsu a likitar. Gwaggo ce ta bi farmasi-farmasi a ƙafa cikin ranar nan, kuma da ta dawo na ga babu 'yan kunnenta na zinariya, waɗanda ta ce da su za a yi mata likkafani.

Sai da aka gama da yarinyar sannan majo, shugabar ma'aikatan ɗakin, ta lura da ni a rakuɓe na rufe fuska. Ta ce in buɗe. Ta duba wuyana da ƙirjina.

"Wa ya watsa miki asid? Mijinki ne? Faɗi gaskiya, ba abin da zai same ki."

"Sabulu ne."

"Wane irin sabulu?"

Gwaggo ta amsa. "Na gargajiya ne, ni na dafa da hannuna. Ba komai na Nasara a ciki."

"Ba soda?"

Gwaggo ta sunkuyar da kai.

Majo ta ce wannan ƙuna ce, ta faɗi kalmar da Faransanci, burulir, ta ce ba ta da bambanci da ta wuta. Ta ce nonon hagu ya tara ruwa, abse, sai an tsaga. Game da tururuwa kuwa, ta ce ko a nonon wa aka jefa ta nutsewa za ta yi. Nonona bai taɓa ɓaci ba, hana yarinyar sha ne ya ƙara kumbura shi. Duk wannan gaskiya ne. Amma ta yi wa Gwaggo faɗa a gaban mutane kamar yarinya, har ta ce irinsu ne suke cika musu gadaje. Mata suna leƙe, wasu suna tsaki. Ban ji daɗin haka ba. Majon ce kuma ta tsaga mini nonon da hannunta, tana ce mini "sannu ƙanwata, saura kaɗan," kuma duk safiya ita ke wanke mini ciwon, ran da bandeji ya ƙare ta kawo daga gidanta. Mutum ke nan.

Washegari Gwaggo ta je gida ɗauko mana kaya, ta dawo da tsumma ɗaure a damtsenta. Na tambaye ta, ta ce murhu ne. Gaishita ce ta gaya mini gaskiya. Ta ce ta leƙa ta katanga ta ga Gwaggo ta shafa sabulun a cikin damtsenta, inda fata ke da laushi, ta zauna a rana ta ƙi wankewa. Ta yi mata magana, Gwaggo ta ce a ƙyale ta, sai ta ji abin da 'yarta ta ji. Da wurin ya tashi, ta kwashi sabulun duka ta zuba a salga. Tun daga ranar Gwaggo ba ta ƙara haɗa ido da ni ba.

Zawon Ummi ya tsaya, amma sabuwar damuwa ta taso. Duk madarar da aka ba ta sai ta amayar. Nonona na dama, wanda ba a tsaga ba, zazzaɓi da rashin sha sun ƙafar da shi, in na matsa da ƙyar ɗigo ke fita. Yarinya tana ta ramewa a gabana, hannunta kamar tsinke. Gaishita tana zaune a tabarma tana shayar da Agali, ta kalle ni, ta kalli Ummi, sai ta cire ɗanta ta miƙo hannu.

"Ba ni shi."

Gwaggo ta ce, cikin sanyin murya, "Baiwar Allah, kin san abin da kike yi? In ta sha, sun zama wa da ƙanwa. Ba aure tsakaninsu har abada."

"To madalla," in ji Gaishita. "Dama ni ba na son suruka mai kuka haka."

Ranar ce na fara yin dariya tun suna, har ciwon wuyana ya tsage.

Majo ta ce sai an duba jinin Gaishita tukuna, aka duba, lafiya. Mijinta ya yarda. Nawa kuwa sai da muka yi ta kira kafin a same shi, don can sai an hau tudu waya ke shiga. Ya ce, "Ku yi duk abin da zai raya ta." Ummi ta kama nonon Gaishita kamar dama shi take jira. Ina kallon maƙogwaronta yana motsi, ina godiya ga Allah, wani abu kuma yana suka ta a ƙirji wanda ba ciwon ba ne.

A gadon likita arba'in ta same ni. Maigidan ya zo, ya dube ni, ya ce, "Sannu, Habsu," idonsa ya cika da ƙwalla. Abin da ya samo a dajin duk a magani da bandeji ya tafi. Gwaggo kuwa gaisuwar kirki bai yi mata ba, duk da na roƙe shi. Da aka sallame mu ba ta daɗe ba ta ce za ta koma. A tasha ta riƙe hannuna tana kallon ƙasa, ta ce, "Na zo in gyara ki." Ba ta iya ƙarasawa ba. Na ce mata na yafe, kuma har zuciyata na yafe. An ce mini tun da ta koma ba ta sake ɗora tukunyar sabulu ba.

Yanzu fuskata ta warke, amma tabon ya fi na da duhu, wuyana kuma dabbare-dabbare, wani wuri baƙi wani wuri fari. Bayan wuyana, inda sabulun bai kai ba, baƙin da cikin ya kawo ya dushe da kansa kamar yadda ungozoma ta faɗa. Majo ta ce in riƙe sabulu marar ƙarfi da man kaɗe, in guji rana, in yi haƙuri. To 'yan uwa, ban ce sabulun gargajiya mugu ba ne. Amma ku tambayi abin da aka zuba a ciki, ko da uwarku ce ta dafa. Ku gwada a damtse, ba a tafin hannu ba. Kada ya kusanci nonon da jariri ke sha. In kuma kin ji zafin da ba ki gane ba, ki yi ihu, a ce ba ki da dauriya.

Nonona bai dawo ba. Na sha kunun kanwa, na sha jiƙo, na yi ta matsawa kamar yadda aka koya mini. In na sa Ummi sai ta kau da kai. Yanzu tana zama da kanta, ta yi kumatu, ta fara shan koko, rabin yininta a gidan Gaishita take. In ta faɗi ko ta firgita, ba ni take miƙa wa hannu ba.

Ga shi kuma mijin Gaishita ya gaji da zaman rashin aiki, ya ce bayan Salla za su koma wajen danginsu a cikin duwatsu. Majo ta ce yarinyar za ta iya rayuwa da koko da madara yanzu, in an kula da tsabtar ruwa. Gaishita ta ce mu fara saba mata tun kafin tafiyar. Shekaranjiya da la'asar muka gwada. Ta shige gidanta ta rufe ƙofa, ni na zauna a tsakar gida da Ummi da kofin koko. Yarinyar ta ture kofin, ta juya tana kallon katanga, tana kuka har tana shiɗewa. Na goya, na jijjiga, na zaga da ita, a banza. Can na ji muryar Gaishita ta bayan katanga, ita ma kuka take.

"Kai, Habsu, yi masa waƙa. Yana son waƙa."

Na yi mata irin tamu ta reno, kukan ya ƙaru.

"Ba wannan ba. Saurara, ka faɗi abin da na faɗi."

Ta fara rerawa da Buzanci a hankali, layi-layi, tana tsayawa ina maimaitawa, harshena yana karyewa. Ta daina, na ci gaba ni kaɗai. Ummi ta yi ajiyar zuciya, ta ɗago ta dube ni kamar yau ta fara ganina, sannan ta kwantar da kanta a kan tabon ƙirjina.

Ban san abin da waƙar take cewa ba. Kullum ina bitar ta in ina wanke-wanke, don kada in manta kafin Salla. Wadda ta karanta wannan ta sa mu a addu'a, ni da Ummi, da Gaishita, da Gwaggo Tsahara.